Na tafi neman ajin dare a Makarfi, na ɓuge da buɗe akwatin kakana 🧵

1/
Zaren yau dogo ne, mai sauran data ya gyara zama. Wata uku ke nan ina neman inda babba irina zai je da daddare ya koyi wani abu don sha'awa kawai. Ba digiri ba, ba difloma ba. Neman nan sai da ya kai ni har shekarun 1950.

2/
Ga yadda abin ya faro. Ina tashi aiki ƙarfe huɗu. Daga sallar Isha'i zuwa sha biyun dare kuwa ina kan waya, ina gungurawa. Ran nan wayar da kanta ta tona min asiri, ta nuna min awannin da na kashe a mako guda. Ba zan faɗi adadin ba, akwai ƙannena a nan 😅

3/
Sai na ce bari in nemi aji. Na rubuta Makarfi a Google, na rubuta Ikara, na rubuta Hunkuyi. Me ya fito? Ajin girki a Legas, ajin zane a Abuja, ajin ginin tukwane a Landan. Na ajiye wayar na ce shi ke nan, mu ba mu gaji wannan abin ba. In ka wuce shekarun makaranta, ka wuce ke nan.

4/
Wannan maganar na maimaita a tsakar gida, gwaggona na tsince shinkafa. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya gaya maka? Ka je ɗakin Malam ka buɗe akwatin ƙarfen nan, sannan ka dawo ka faɗa min wanda bai gaji karatun dare ba."

5/
Malam shi ne kakana, mahaifinta. Ya rasu ina firamare. Akwatin kuwa tun tasowata nake ganinsa, na ɗauka tsofaffin riguna ne a ciki. Da na buɗe: littattafan addini masu warwaro a gafaka, rasit ɗin haraji an ɗaure da zare, sai wata takarda da ta yi jawur. Takardar shaidar gama ajin Yaƙi da Jahilci, 1957.

6/
Lissafi na yi a tsaye. A 1957 Malam ya haura arba'in. Yana da mata biyu, 'ya'ya, gonar auduga da ta dawa a wajen Gimi. Wannan mutumin ne ya riƙa ɗaukar fitilar ƙwai bayan Isha'i yana zuwa zauren dagaci, ana nuna masa A da B a allo. Ni kuma ina nan ina cewa ba mu gada ba.

7/
To mene ne Yaƙi da Jahilci? Da yawanmu sunan kawai muka sani, shi ma a bakin tsokana. In mutum ya yi rubutu a karkace sai a ce "ɗan yaƙi da jahilci". Alhali babban shiri ne da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauko a farkon shekarun 1950, don koya wa manya karatu, rubutu da lissafi da harshensu.

8/
Tunanin ya samo tushe lokacin yaƙin duniya na biyu. Ofishin mulkin mallaka a Landan ya fitar da rahoto kan ilimantar da jama'a baki ɗaya a Afirka. Ga kuma sojojinmu da suka dawo daga Bama, wasunsu sun koyo karatu a bariki, sun ga duniya, sun dawo ƙauye da tambayoyi a bakinsu.

9/
Sai siyasa ta ƙara wa abin wuta. Mulkin kai na tafe. A 1954 Sardauna Ahmadu Bello ya zama Firimiya, Arewa ta samu mulkin kanta a 1959. Wa zai riƙe ofis? Wa zai karanta sanarwa? A zaɓen 1959 da alama ake gane akwati: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Shugabannin sun san inda gizo ke saƙar.

10/
Abin da ya kamata mu 'yan ƙasar Zazzau mu sani: injin wannan aiki a ƙofar gidanmu yake. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam na edita. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya. Daga 1954 zuwa 1959 hukumar NORLA ta yi ta buga ƙananan littattafai masu araha don sababbin makaranta.

11/
Cikin waɗanda suka ja ragamar ilimin manya akwai Alhaji Ahmadu Coomassie, mutumin Katsina. Eh, mahaifin Ibrahim Coomassie da ya yi Sufeto Janar na 'yan sanda. Yawancinmu ɗan muka sani. Uban kuwa dubban dattawan Arewa ta hannun aikinsa suka fara rubuta sunansu.

12/
Wata dabarar da ta burge ni: sun gane cewa in ka koya wa mutum karatu ba ka ba shi abin karantawa ba, kafin damina biyu ya manta. Sai aka yi wa larduna jaridunsu. Kano na da Sodangi, Katsina Himma, Sakkwato Zaruma. Tamu ta lardin Zazzau sunanta Bazazzaga. Wallahi sunan ma kaɗai ya isa.

13/
Ku tuna kuma da jirgin ƙasa. Layin dogo ya isa Kano ta Zariya tun 1911, kuma ta cikin yankinmu ya ratsa: Likoro a Kudan ta yau, Gimi a Makarfi, Auchan a Ikara. Inda tasha take, nan auduga da gyaɗa ke taruwa. Inda suka taru, nan takarda ke yawo. Mai karatu ya ci, marar karatu ya sa hannu da babban yatsa.

14/
Yadda gwaggo ta ba ni labarin ajin: da rani ake yi, bayan an kai amfani gida. Malamin ɗan gari ne da ya taɓa zuwa elementare, ana ba shi ɗan alawus. Akwai oganeza mai zagayawa a keke yana duba rajista. In wata ya yi nisa a yi jarrabawa: ka karanta, ka rubuta wasiƙa, ka yi lissafin fam da sule da kwabo.

15/
Wani lokaci kuma motar majigi ta zo. A kafa farin ƙyalle a filin gari, a nuna fim kan tsabta ko noman zamani, irin su Baban Larai. Gwaggo ta ce ranar majigi ko tuwon dare da wuri ake tuƙawa. Netflix ɗinsu ke nan, sai dai tare ake kallo, gari guda.

16/
Na tambaye ta, "Gwaggo, me ya kai Malam ajin? Haraji?" Don na sha jin yadda ake damfarar talaka da rasit, a karɓi kuɗinsa a ba shi takardar bara, shi bai sani ba. 'Yan NEPU sun sha kuka da irin wannan. Ta ce a'a. Wasiƙa ce.

17/
Ƙanensa yana Kurmi yana fatauci. Ya aiko wasiƙa da boko, don wanda ya rubuta masa can boko ya iya. Malam ya kai wa wani ɗan makaranta ya karanta masa. A ciki akwai maganar bashi da maganar wani aure da ake son ɓoyewa. Kafin la'asar an gama ji a bakin rijiya.

18/
Gwaggo ta ce kwana uku Malam bai zauna a majalisa ba. Da aka yi shelar buɗe aji a ranin nan, shi ne na farko a zauren. Ya ce ba zai ƙara bari ɗan wani ya riga shi sanin sirrin gidansa ba. Manufar gwamnati daban, dalilin Malam daban. A zaure ɗaya suka haɗu.

19/
Yanzu ga inda raina ya sosu. Sunan shirin. JAHILCI. Mutumin da aka rubuta a rajista a matsayin wanda za a yaƙi jahilcinsa ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi. Ya karanta Ahalari, Ishmawi, Iziyya, yana cikin Risala. Lissafin bashinsa da ajami yake rubutawa, na gani da idona a akwatin.

20/
Ba jahili ba ne. Haruffan ofis ne bai iya ba. Amma tunda takardar Bature da boko take zuwa, duk wanda bai iya ta ba sai aka jefa shi kwando ɗaya da wanda bai san alif ba. Na san shirin ya yi amfani, ga shaida a hannuna. Sai dai ina ganin sunan nan ya kori mutane da yawa tun daga bakin ƙofa.

21/
Ka yi tunani. Dattijo mai limanci a unguwa, a ce masa ya zo a cire masa jahilci, kuma yaron da aka yi sunansa a gabansa ne malamin. Gemu ba ya hana ilimi, gaskiya ne. Amma gemu na jin kunya. Waɗanda suka je sun haɗiye abu mai ɗaci kafin su zauna a tabarmar nan.

22/
Kuma littattafan cikin gafakar su suka nuna min abu na biyu: ajin 1957 ba shi ne ajin daren Malam na farko ba. Tun kafin Bature ya zo, tsakanin Magariba da Isha'i da bayanta lokacin karatun manya ne a ƙasar Hausa. Karatun zaure.

23/
Ga tsarinsa ga wanda bai taɓa zama ba. Babu fom, babu rajista, babu zangon karatu. Kowa da littafinsa. In layi ya zo kanka ka karanta ɗan abin da ya sawwaƙa, malam ya fassara ya yi bayani, sauran na saurare. Ɗan ashirin na gefen ɗan saba'in. Ba wanda ke "gamawa". In ka sauke wannan littafi ka ɗauki na gaba.

24/
Ba a ba da satifiket, ba a samun aiki da shi. Manomi ne, maɗinki ne, mahauci ne, ya wuni yana nema, da dare ya zo ya zauna don yana so. In abin da Turawa ke kira ajin sha'awa shi ne koyon da ba don albashi ba, to mu mun daɗe a ciki. Sunan ne ba mu sa masa ba.

25/
Mata ma ba a bar su a baya ba. A Sakkwato, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'yan taru: jajis na zuwa wurinta su ɗauki karatu, su koma ƙauyuka su koyar da matan aure da tsofaffi. A cikin gida kuwa, dare ne lokacin kaɗi. Yarinya ta zauna gefen tsohuwa, ga mazari ga alli, har hannu ya faɗa.

26/
Saƙar faifai, kitso, ɗinkin hula, duk haka ake koyonsu. Ka zauna kusa da wanda ya iya. Ba allon sanarwa, ba talla. Wannan ya sa Google bai gan su ba, kuma ba zai gan su ba.

27/
Don kwatanci: ajin yamma na Ingila da na gani a waya shi ma yana da tarihinsa. Ma'aikatan masana'antu ne suka fara neman karatu bayan tashi aiki, har Albert Mansbridge ya kafa ƙungiyar ilimin ma'aikata a 1903. Su nasu ya shiga hannun hukuma, aka yi masa gini da jadawali. Namu ya zauna a zaure.

28/
Mu dawo gida. Me ya faru da Yaƙi da Jahilci? Bai mutu rana ɗaya ba, sanyi ya yi ta yi. NORLA ta rufe a 1959, jaridun larduna suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Bayan 'yancin kai kuɗi da hankali suka koma kan makarantun yara. A 1966 aka kashe Sardauna, a 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida.

29/
Akwai kuma matsalar da ke cikin shirin tun asali. Ka koya da rani, damina ta zo ka koma gona, ba ka ƙara ganin takarda ba sai baɗi. Matasa kuma da rani suke tafiya cin rani. Wanda yake da dalili irin na Malam ya riƙe. Wanda dagaci ya turo don a cika rajista, ya watsar.

30/
Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wata hanya a shekarun 1960. A yankin Maraɗi da Damagaram sun ɗaura karatun manya a kan kasuwar gyaɗa ta ƙungiyoyin manoma. Ka koyi karanta sikeli, ka rubuta nauyi, ka lissafa kuɗin ƙauyenku da kanka. Karatun da aljihu ke bukata kowace kaka, da wuya ya zube.

31/
Na tuna da fulotin auduga da tsofaffi ke ba mu labari, inda malamin sikeli ne kaɗai ya san abin da allura ta nuna. Da a ce tun farko a bakin fuloti aka kafa allon, ba a zauren dagaci ba, ina jin da labarin ya bambanta. Ra'ayina ne dai, masana na nan za su gyara min.

32/
Daga nan sai aka shiga zamanin "kowace gwamnati da nata suna". 1976 UPE ta kwashi yara zuwa firamare. A shekarar ce aka yi gyaran ƙananan hukumomi, aka samu tsohuwar Ikara, wadda daga baya aka fitar da Makarfi da Kudan daga yankinta.

33/
1979 PRP ta ci Kano da Kaduna. Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Rasit ɗin da ke akwatin Malam daga nan suka tsaya. A 1980 Rimi ya kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, har UNESCO ta karrama ta. Mu a Kaduna rigimar majalisa ta cinye lokacin, aka tsige Balarabe a Yunin 1981.

34/
1982 Shagari ya ƙaddamar da gangamin koyar da manya na ƙasa baki ɗaya, shirin shekara goma. Ƙarshen 1983 soja suka karɓe mulki. 1990 aka kafa hukumar ilimin manya ta tarayya. Kun ga yadda abin ke tafiya: a ƙaddamar, a yi hoto, a canza gwamnati, a sake ƙaddamarwa.

35/
Wanda iyayenmu mata suka fi tunawa shi ne Better Life na Maryam Babangida, 1987. Shi ya yaɗa cibiyoyin mata: keken ɗinki, injin saƙa, haɗa sabulu da man shafawa. Daga nan koyon manya ya tashi daga "karatu" ya koma "sana'a". Mata da yawa sun ci abinci da shi, har gobe akwai masu ɗinkin da can suka fara taka keke.

36/
Amma ku lura da zaren da ya ɗinke su duka. Na 1950 ya ce kai jahili ne, zo a gyara ka. Na 1987 ya ce ke matalauciya ce, zo a tallafa miki. Na yanzu ya ce kai zauna-gari-banza ne, zo a ba ka jari. Kullum sai an fara samo maka cuta kafin a ba ka kujera.

37/
Ina ganin daga nan muka gaji tambayar da ta ishe ni wata ukun nan. Duk wanda na ce wa ina son koyon abu, sai ya ce "nawa ake samu?" In na ce don sha'awa ne, sai a dube ni kamar na ce zan sayi doki in ajiye a falo. Wani abokina cewa ya yi, "Kai dai ka ƙoshi ne."

38/
Ban ce ba shi da gaskiya ba fa. Mai neman na masara ba ya neman abin sha'awa. Kuma a wajenmu rani ma ba hutu ba ne yanzu: ga rake da mazarƙwaila a Makarfi, ga tumatir a Ikara, ga lambunan Kudan har da inabi. Mutum ya dawo daga fadama a gajiye. Sai dai shi ma Malam daga gona yake dawowa.

39/
Na je wata cibiyar koyon sana'a a wani gari, ba zan kama suna ba. Ƙofa a kulle. Ta taga na hango kekunan ɗinki a jere, ƙura ta rufe su, gizo-gizo ya yi gida a tsakani. Mai gadi ya ce sai an kawo "sabon shiri" ake buɗewa, kuma sunaye daga sama suke zuwa. Na ce ko da kuɗina? Ya yi dariya.

40/
A daren ranar, ina dawowa wajen takwas da rabi, na ci karo da abin da nake gani kullum ban taɓa lissafa shi ba. Mata cikin hijabi, rukuni rukuni, da jakunkuna da tocilan waya, wasu da goyo. Makarantar dare ta matan aure aka tashi, wasu kuma lokacin suke tafiya.

41/
Wannan fa shi ne ajin manya mafi girma a yankinmu, ba tare da an ƙaddamar da shi a otal ba. Tun wajen shekarun 1980 ya bazu, ƙungiyoyin addini daban daban kowa ya buɗe nasa, bayan an sha muhawara kan fitar matan aure. Yau har kakanni na ciki. Wasu makarantun sun haɗa da boko da lissafi.

42/
Me ya sa wannan ya rayu, wancan ya mutu? Abin da na gani: malamin ɗan unguwa ne, gobe ma yana nan. Ɗan abin da ake ba shi daga hannun ɗalibai yake fitowa, kamar kuɗin Laraba na makarantar allo. Ba ya jiran alawus daga Kaduna. Kuma ba wadda aka ce wa jahila kafin ta shiga. Ɗaliba ake ce mata.

43/
Sai na canza salon nema. Na bar waya, na koma baki. Na tambayi mai shayin bakin tasha. Na tambayi ladan. Na tambayi telan da ke min ɗinki. Na jefa tambaya a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu na sakandare. Na daina cewa "ina ajin kaza", na koma cewa "wa ya iya kaza?"

44/
Cikin mako biyu ga abin da ya fito: wani mai gyaran waya da ke zama da yara uku bayan ya rufe shago. Wata malama mai koyar da haɗa turaren wuta da humra a gidanta ranar Asabar. Wani alaramma mai zayyanar allo. Matashi mai koyar da kwamfuta in an samu wuta. Ko ɗaya ba shi da allo a ƙofa.

45/
Wanda ya tsaya min a rai wani dattijo ne mai aikin hannu a babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas da aka san ƙasar Zazzau da su, yana kuma ɗinkin hula. Tela ne ya kai ni. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, so nake ku koya min ɗinkin hula."

46/
Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga takalmin ofis. Ya ce, "Samari, aikin ne ya ƙare?" Na ce a'a Baba, yana nan. "To bashi ake bin ka?" Na ce a'a. Ya yi shiru. Can ya ce, "Shekara nawa rabon da wani ya zo min da wannan maganar. 'Ya'yana ma kabu-kabu suka zaɓa."

47/
Na tambayi kuɗin makaranta. Ya ce shi bai san wannan ba. In zo da allurata da zarena, in kuma ina da hali in kawo fitila mai haske don idonsa ya fara gajiya. Na sayo 'yar fitilar sola. Kakana ya ɗauki ta ƙwai zuwa zaure a 1957, jikansa ya ɗauki ta sola. Gwaggo ta yi dariya har da ƙwalla.

48/
Ba zan yi muku ƙarya ba, abin da wuya. Makon farko layi ɗaya na yi ta yi ina warwarewa. Yatsana ya sha huda. Akwai yaro ɗan shekara sha biyu, jikan maƙwabcinsa, da ke leƙowa yana gyara min riƙon allura. A ofis ana ce min oga. A zauren nan ni ne ƙurar baya.

49/
A daren ne na fahimci abin da Malam ya haɗiye. Na kusa dainawa a mako na biyu, ba don ciwon yatsa ba, don wasu samari da suka wuce suka gan ni a tabarma suka kwashe da dariya. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Su wa? Waɗanda ko maɓallin rigarsu ba su iya ɗaurawa ba?" Ya miƙo min zare.

50/
Yanzu mu huɗu ne. Ni, wani malamin firamare, wani mai POS, da wani direba da ke zuwa in bai yi lodin Kano ba. Litinin da Alhamis bayan Isha'i, awa ɗaya da rabi, don dare ba kamar da ba ne, kowa na son ya shige gida da wuri. Mun yanke abin da muke haɗa wa Baba duk mako, ko ya ƙi sai mun ajiye.

51/
Rabin lokacin ma hira ce. A bakinsa na ji yadda aka yi canjin kuɗi a 1973, mutane na rikicewa tsakanin sule da kwabon naira. Shi ma ashe ya taɓa zama ajin manya a lokacin, wata biyu, don kada a cuce shi a lissafin aikin riga. Ya ce da ya gane kuɗin sai ya daina zuwa, abin da ya kai shi ke nan.

52/
Roƙona ga 'yan Ikara, Makarfi, Kudan da kewaye: in akwai irin wannan akwatin a gidanku, a buɗe kafin gara ta riga ku. Ina neman ko shafi ɗaya na Bazazzaga in gani da idona. Wanda kuma ya san mai koyar da wani abu da dare a garinsu, ya rubuta garin da abin a ƙasa. Kada a sa lambar kowa sai da izininsa.

53/
Masu tambaya a DM ko na gama hular: na gama ta farko jiya. Ta karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ba ta shiga kaina ba. Na kai wa gwaggo, ta jujjuya ta, ta ce in saka a akwatin Malam kusa da takardar. Baba kuma ya ce ranar Alhamis in zo da baƙin zare da ruwan ƙasa, za mu fara ta biyu.